Rabon Mai Kogi

Lai ba 'yar ruwa ba ce. A gonar shinkafa aka haife ta, aure ne ya kawo ta cikin jirgi, kuma har ta fara furfura mutanen kogi ba su daina kiranta 'yar tudu ba. Ita ke tarbar baƙi masu yawon buɗe ido a matsayar jiragen ruwa ta birnin Hue. Ita ke shimfiɗa katakon hawa, ta jera kujerun roba, ta baje mafitai da hulunan kaba da hotunan fada a kan tabarma. Mijinta Bon yana can baya wajen inji. Uwarsa kuwa, tsohuwar da aka haifa a kan ruwa kuma ba ta taɓa kwana a tudu da son ranta ba, tana zaune a ƙofar ɗan ɗakin da suke kwana, tana tauna ganye tana tofarwa a gwangwani.

Hanyar kullum ɗaya ce. Su bar gada, su bi gefen ganuwar fada, su tsaya a hasumiyar Thien Mu baƙi su hau su sauko, su wuce haikalin Hon Chen, su kai hubbaren Sarki Minh Mang, su juyo kafin rana ta faɗi.

Ran nan malaman makaranta ne daga Da Nang suka cika jirgin, maza da mata, da surutu da lemon kwalba. Cikinsu akwai wani saurayi siriri mai tabarau, Khiem, wanda tun daga gada ya ƙi zama. Da suka kusa Hon Chen, inda kogin ke lanƙwasa a gindin dutse ruwan ya yi duhu, sai ya je goshin jirgi ya haye wuyan dodon da aka sassaƙa a wurin, wai a ɗauke shi hoto.

"Ɗana, sauko," in ji Lai. "Fentin nan santsi gare shi."

"Ɗaya kawai, O," ya ce, yadda ake kiran inna a Hue.

"Ɗayan ma ka yi shi a ƙasa."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu. Wani jirgin yashi ya wuce can tsakiya, igiyar ruwansa ta zo ta daki nasu. Ba wani babban duka ba ne. Saurayin ya zame ta gefe, ruwan ya rufe kansa.

Bon ya kashe inji. Iyakar abin da ya yi ke nan. Bon ɗin da ya saba nutsewa ya kwance ragar da ta maƙale a ƙasan kogi ya fito ko haki ba ya yi, ya tsaya da hannuwansa a sake. Akwai jirage biyu kusa, matuƙansu su ma suka kashe inji suka tsaya kallo.

Lai ta san dalili. Mutanen kogi suna ɗauko gawa, ko da kwana nawa za su yi suna nema, kuma ba sa karɓar komai. Mai rai ne ba sa taɓawa. Wanda ya faɗa, Mai Kogi, aljanin da ke ƙarƙashin ruwan, shi ne ya kira shi. In ka ƙwace masa, zai ɗauki wani daga gidanka. An gaya mata wannan tun makon da ta tare, tare da yadda ake hura wuta a jirgi da inda ake zubar da shara.

Kan saurayin ya fito, bakinsa a buɗe, babu tabarau. Ya sake nutsewa. Doguwar gorar da take tura jirgi da ita tana hannunta. Ba ta yanke wata shawara ba. Ta dai ga kanta kwance a kan ciki, ta zura gorar cikin ruwan, ta ji an cafke, ta ja. Malamai biyu suka kama ƙafafunta, wasu suka kama wuyan rigarsa, aka jawo shi kan katako yana aman ruwa.

Malaman suka yi ta tafa hannu. Wata cikinsu ta juya wajen Bon.

"Kai kuma kana tsaye kamar gunkin ƙofar fada?"

"Ban iya ruwa ba," in ji Bon.

Lai ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohuwar rigar mijinta don yaron ya canza. Tsohuwa ta miƙa hannu ta karɓe ta, ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"Kayan gidan nan ba za su hau jikinsa ba."

Aka ci gaba da tafiya. Malaman suka je suka ga giwayen dutse da tafkin hubbare, suka dawo suna ba juna labarin abin da dukkansu suka gani. Khiem ya zauna a rana har ya bushe.

Da yamma, da suka dawo matsaya, maƙwabta sun riga sun ji. Jirgin da ke ɗaure a damansu ya matsa, na hagu ma ya matsa, aka bar musu fili kamar masu ƙyanda. O Sen, wadda suka yi shekaru suna aron gishiri da ita ta taga, tana wanke tukunya a bayan nata jirgin.

"O Lai, an ce yau kin yi kamu. Babba ne?"

"Ki ji da kanki."

"Ai da kaina nake ji, shi ya sa na matsa."

Suka zauna cin abinci su huɗu: tsohuwa, Bon, Lai, da 'yarsu Thom, wadda mijinta ke aiki a kudu, ita kuma tana gida da tsohon ciki. Shinkafa ce da ƙananan kifi da daddawar jatan lande. Ba wanda ya ci da yawa.

"Mu huɗu ne," in ji tsohuwa. "Da na ciki, biyar. Ki zaɓa."

"Ma," in ji Lai, yadda ake kiran uwa a can, "mutum ne yake mutuwa a gabana."

"Na gani. Ina da ido."

"In ɗauka ce, ni zai ɗauka. Ni na taɓa shi."

"Ke? Me zai yi da 'yar tudu? Ba ke yake so ba. Abin da kike so zai nema."

Thom ta ajiye kwanonta ta dafe cikinta, sannan ta ga ana kallonta, ta sauke hannun.

Magani biyu ne, kuma kowa a wurin ya san su. Na farko a ba Mai Kogi mutumin takarda. In ya ƙi, wanda ya yi laifin ya bar ruwa baki ɗaya: kada ya sake taka jirgi, kada ya wanke ko hannu a kogi, don fushin ya bi shi tudu inda ba ya da iko. Suna da ɗaki a hawa na huɗu cikin benayen da aka gina wa mutanen kogi can bayan gari, ɗakin da ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai ƙwari. Can za ta tafi, ita kaɗai, domin jirgi ba ya tafiya ba Bon, tsohuwa kuma ba ta barin jirgi.

Aka kira boka, aka sayo mutumin takarda daga ƙauyen da ake yin su, tsayinsa kamar na yaro mai tatata, da jan kumatu. Da sassafe, kafin baƙi su fito, suka je lanƙwasar. Bokan ya yanki gashin Lai da farcenta ya cusa a ƙirjin takardar, ya sa ta hura masa numfashi a baki. Aka zaunar da shi kan ɗan kwale-kwalen ɓawon ayaba, da shinkafa da gishiri da ƙwai, aka sake shi. In ya bi ruwa ya tafi, an karɓa.

Ya tafi kaɗan. Ya juya a hankali, jan kumatun na kallonsu, ya yi zagaye ya dawo ya daki gefen jirgi. Bon ya kai ƙafa zai tura.

"Kar ka taɓa," in ji boka.

Ya sake tafiya da kansa, ya sake dawowa.

"Ai wurin nan ruwa juyawa yake yi," in ji Lai. "Ko takalmi ka jefa zai dawo."

"Haka ne," in ji bokan, yana naɗe jakarsa. "To me ya sa yake juyawa?"

Tsohuwa ta ce in wata ya cika Lai ta sauka.

A kwanakin da suka rage ta ci gaba da aiki kamar kullum. Ta yi wa Turawa murmushi, ta gaya wa 'yan Koriya farashin mafici da yarensu, ta nuna wa kowa inda zai tsaya hasumiya ta fito masa duka a hoto. Jirgin nan ta san shi fiye da gidan ubanta, wanda ƙanenta ya sayar tun tuni. A cikinsa ta yi wata guda tana amai sa'ad da ta zo. A bayan labulen can ta haifi Thom. Ita ke fenta idanun dodon kowace shekara, domin Bon ba ya iya sa su kalli wuri ɗaya.

Wata rana baƙi suna can cikin hubbare, su biyu suna jira a bakin ruwa, ta ce masa, "Da ka ce wani abu."

Yana goge inji da tsumma. "In ce me?"

"Komai. Kai ne mai gida."

"Uwata ce. Kuma 'yarki ce ke da ciki." Ya juya tsumman. "Ƙanen babana ya ciro wani soja a ƙarƙashin gada. Ambaliyar shekarar ta ɗauke masa yara biyu, rana ɗaya."

"Ambaliyar ta ɗauke yaran waɗanda ba su ciro kowa ba."

"Ta ɗauke nasa dai."

"Za ka riƙa zuwa?"

"In an samu rana."

A wannan aikin ba a samun rana. Ba ta ce masa haka ba.

Ranar da za ta sauka, ta ɗaure kayanta cikin buhu biyu ta ajiye a bakin katako. Tana tsaye tana tunanin ko tukunyar shayi tata ce ko ta jirgi, sai ga wata mota ta tsaya a saman matakala. Khiem ya fito da sabon tabarau da farar riga. Bayansa wata dattijuwa cikin doguwar rigar biki, sai direba ɗauke da fayafai an rufe su da jan ƙyalle.

Matar ta sauko ta kama hannuwan Lai duka biyu. "Ke ce. Na ganki a hoton da suka ɗauka. Ni ce uwarsa. Shi kaɗai gare ni."

Aka buɗe fayafan a kan matakala: dafaffen zakara, shinkafa mai danƙo, ganyen shayi, kwalbar giya, ganyen tauna an jera kamar na kai kuɗin aure. Maƙwabta suka fito bayan jiragensu.

"A wajenmu," in ji matar, "wanda ya maido maka da ranka ya haife ka karo na biyu. Ba a biyan wannan da kyauta. Na kawo shi ya durƙusa ya kira ki uwa. Zai zo gaishe ki kowace sabuwar shekara, in kin yi ciwo zai zo, ranar da kika rasu zai ɗaura fari kamar ɗan cikinki."

Bon ya fito daga baya, fuskarsa a murtuke. Mutumin da ake ƙoƙarin kogi ya manta da shi ne aka kawo har bakin ruwa da farar riga.

"Baiwar Allah, mun gode. Ku kwashe kayanku ku hau sama."

"Tsaya," in ji tsohuwa.

Ta taso daga ƙofar ɗaki, abin da ba ta yi wa baƙo. Ta dafa kujerun roba ɗaya bayan ɗaya har ta iso bakin katako. Ta daɗe tana kallon saurayin.

"Ɗan gida zai zama? Ba na baki kawai ba?"

"Ɗan gida, Kaka," in ji matar.

"Har gaban kakanni? A faɗa musu sunansa?"

"In kun yarda, ai mu ne da godiya."

"Kuma zai riƙa zuwa."

"Duk lokacin da kuka kira," in ji Khiem.

Tsohuwa ta yi murmushi, baƙaƙen haƙoranta suka fito. "Ku shigo. Thom, ɗora ruwa. Bon, karɓi kayan mutane, ka tsaya kamar ba a koya maka gaisuwa ba."

Lai ba ta gane ba sai da aka kunna turare. Tsohuwa ta sa tsinke uku a gaban hotunan kakanni, kamar yadda ya kamata. Sannan ta ɗauki wasu uku ta tafi goshin jirgi, inda ake zuba wa Mai Kogi shinkafa da gishiri, ta fuskanci ruwa ta faɗi sunan yaron da ƙarfi, ta faɗi sunan gidansu, ta haɗa su. Da ta dawo, ta ɗauko rigar Bon, waccan da ta hana, ta sa masa a kan farar tasa da hannunta, har tana gyara masa wuya.

"Ta yi masa yawa," in ji uwarsa, tana dariya tana share hawaye.

"Zai cika ta," in ji tsohuwa.

Bon ma ya gane. Ya kalli uwarsa, ya kalli ƙasa, ya je ya jera fayafan. Can a jirgin dama O Sen ta daina abin da take yi.

Saura abu ɗaya. Khiem zai durƙusa ya miƙa wa Lai ƙoƙon shayi da hannu biyu, in ta sha an gama. Thom na zuba ruwan zafi, tsohuwa ta ja Lai bayan labule.

"Ki sha, ki kwance buhunanki."

"Ma."

"Ba wanda zai tura shi. Kin taɓa ganin na tura wani? Na Mai Kogi ne dama. Yana neman ɗaya daga gidan nan, to ga ɗaya a gidan nan, wanda ya riga ya ɗanɗana. Mun dai nuna masa inda yake."

"Uwarsa na zaune a can."

"Thom ma na da uwa. Ban san ko ta san haka ba."

Lai ta fita. Ta ce wa baƙin tana son magana da yaron kafin a yi, matar ta ce ai ɗanki ne. Suka hau matakala har inda masu sayar da ruwan rake suke, nesa da kunnen jirgi. Ta gaya masa duka, ba ta rage ba: dalilin da Bon ya tsaya, mutumin takarda, buhunan da ya tsallake a bakin katako, da abin da tsohuwa ta faɗa wa ruwa yanzun nan.

Ya saurara har ta gama. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigar Bon.

"Na taɓa jin wannan al'adar. Na ɗauka ta mutu."

"Ba ta mutu ba."

"Wato saboda ni za a kore ki."

"Wannan nawa ne. Ka ɗauki uwarka ku tafi. Ka ce mun yi muku wulaƙanci, ai an san mu da shi."

"Ma Lai," ya ce, ya riga ya fara kiranta haka. "Lissafi nake koyarwa. Na faɗi ne saboda na hau inda kika ce kar in hau. Babu kowa a ƙarƙashin ruwan can, laka ce da kwalabe. In zuwana zai sa su bar ki a gidanki, ai abu mafi sauƙi ke nan da zan yi miki. In zo, in ci kifi, in koma. Shekara biyu, uku, su ga ba abin da ya faru."

"Ka iya ruwa yanzu?"

"Zan koya."

"In ka faɗa, ba mai miƙa maka hannu."

"Ke kin miƙa."

"Har ni nake nufi."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa tsohuwar da ta ce ba ta son a kawo mata tsaraba. Daga inda suke tana hango jirgin duka: idanun dodon, labulen, buhunanta biyu, Thom a tsaye da buta tana dafe da ƙugu tana kallon sama wajensu. Ta gaya masa. Ba wanda zai ce ba ta gaya masa ba.

Suka sauko. Ya durƙusa, ya miƙa ƙoƙon. Shayin ya huce. Ta shanye.

Kafin yamma jiragen dama da hagu sun dawo wurinsu. O Sen ta leƙo ta taga ta tambaya ko akwai sauran zakara.

Khiem ya cika alkawari. Yana zuwa sabuwar shekara, yana zuwa bikin Hon Chen na bazara da na damina, lokacin da jirage ke cushewa a lanƙwasar, ana kiɗa, masu bori na rawa da jajayen kaya, jirgi na gogar jirgi. Tsohuwa da kanta take zaɓar masa kifi. Wurin zamansa goshin jirgi ne, domin ta ce ɗan gida ba ya zama a kujerar baƙi. Zuwansa na farko ya sa rigar nan mai ruwan lemo da ake ba masu yawo don kar su nutse.

"Jikana da rigar baƙi?" in ji tsohuwa. "Maƙwabta su ce me? Ko kunyarmu kake ji?"

Ya cire yana dariya. Ruwan kuwa bai koya ba. Da farko jarrabawa ce ta hana, daga baya ciwon kunne, daga baya Lai ta daina tambaya.

Thom ta haifi mace lafiya. Tsohuwa ta yi ciwon ƙirji aka kai ta asibiti a kan dole, can ta mutu, a kan gado, a tudu. Khiem ya zo ya ɗaura fari ya yi kuka fiye da Bon. Lai ta tambayi boka ko wannan ya isa. Ya ce wanda ya mutu a tudu na tudu ne, ba ya shiga lissafin ruwa.

Bayan tsohuwa ba abin da ya canza. Bon ne yanzu ke zaɓar kifin. Bai taɓa yi wa Khiem magana mai tsawo ba, amma in biki ya kusa shi ke cewa, "Kin kira ɗanki?" Ita kuma ta kira.

Yarinyar ta taso tana son Kawu Khiem fiye da kowa, domin shi ke kawo mata littafi mai hotuna, kuma shi kaɗai ke barinta ta sa tabaransa. Bikin damina na shekarar da ta fara magana sosai, ruwa ya ƙaru ya yi ja, jiragen sun fi na kullum yawa. Tun daga gada tana kan cinyarsa a goshin jirgi, yana nuna mata tutoci, tana gyara masa sunayen jiragen maƙwabta. Suka wuce ganuwa. Suka wuce Thien Mu. Kiɗan ya fara isowa, dutsen ya fito daga bayan bishiyoyi, Bon ya rage inji.

Lai ta ajiye faifan 'ya'yan itacen da take jerawa, ta bi tsakanin kujeru ta je gaba.

"Kawo ta, za ta ci abinci."

"Yanzu ta ci ayaba, Ma. Bar ta ta ga masu rawa."

"Kawo ta."

Yarinyar ta ƙanƙame wuyansa. Lai ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta cire mata tabaran ta miƙa masa, ta ɗauke ta tana kuka tana shure-shure. Ta wuce da ita har baya, kusa da inji, ta zauna a ƙasa ta rungume ta, ta juya wa goshin jirgin baya.